Kaka Isaka da Hatimin da Ya Ƙi Buga Mana

Duk wanda ya san Kaka Isaka a unguwarmu Mamobi ya san ba ya gaida mutum sai ya gaida bango. Zai tsaya a ƙofar gidanka, ya ƙwanƙwasa bangon da zoben azurfarsa, ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Kana miƙa masa hannu, shi yana can yana sauraron siminti. In ya gama sai ya juyo ya ce, "Wannan bulo yashi ya yi masa yawa. Ina kwana?"

Ƙanin kakana ne na wajen uwa. Aikinsa tun kafin a haifi Mma, mahaifiyata, shi ne kimanta gidaje da filaye, ya faɗi abin da suka kai a kasuwa. Matsalarsa ɗaya, bai san lokacin tashi daga aiki ba. Gidan suna, gidan biki, gidan rasuwa, duk ofis ne a wurinsa. Ni da idona na gan shi a zaman makoki yana shafa fatiha, idonsa yana bin tsagewar silin.

Lokacin da wani saurayi daga unguwar Alajo ya zo neman auren Anti Fati, ƙanwar Mma, shi aka tura ya binciko halin yaron. Ya tafi da hantsi, ya dawo bayan la'asar, mata suka kewaye shi.

"Baba, yaya ka gan su?" in ji Mma.

"Kwano sabo, katako tsoho. Ruwa yana shiga har gwiwa, sun rufe alamar da fenti."

"Yaron fa?"

"Wane yaro?"

"Wanda zai auri Fati mana."

Ya sosa gemu. "Akwai wani da ya riƙe mini tef ɗin awo. Hannunsa ba ya rawa. Ku ba shi."

Aka ba shi, kuma mutumin kirki ne. Sai dai duk damina Anti Fati tana isowa gidanmu da katifa a ka, ruwa ya kore ta, Kaka Isaka kuma ya riga ya kafa kujera a ƙofa yana yi mata sannu da zuwa da fara'ar da ta wuce kima.

Sai da furfura ta cinye gemunsa ya koma makaranta. Dalili kuwa, ya kai wa wani banki rahoton kimar wani gida, suka ce aikin ya yi, amma takardar shaidarsa ƙarama ce, sai mai babbar takarda ya duba ya buga hatimi. Wadda ta duba ɗin wata ce Madam Akosuwa, sa'ar 'yarsa. Ta ja jan layi a wuri guda, ta ce ya gyara. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Na ce, "Kaka, kuskure ta yi maka?"

"Da kuskure ta yi, ai da na ci tuwona."

Daga nan muka shiga uku. Tsofaffin littattafan makarantarmu ya kwashe yana rubutu a shafukan da muka bari, wai takarda ba ta san mai ita ba. Da ƙafa yake zuwa aji, ya ce tirotiro, motar haya, ta masu gaggawar tsufa ce. Tunda ni jikarsa ce, "uwargida" yake kirana, ni kuma ba na raga masa.

"Kaka, in ka faɗi jarrabawa, na sake ka."

"In na ci, ni zan sake ki. Ina mai babbar takarda ina mai cin sifili a lissafi?"

Ya faɗi. Kuma cikin waɗanda suka zauna suka yi masa tambayoyi har da Madam Akosuwa. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunanta ba, sai dai "Hukuma". In wuta ta ɗauke, Hukuma ce. In ƙosai ya yi gishiri, da hannun Hukuma. Da ya sake zama ya ci, duk Mamobi sai da ta ji. Ya ƙi sayen gilashin rataye takardar, ya zura ta a ledar burodi. Hatimin da aka ba shi kuma ya ajiye shi a gwangwanin madara, ya hana kowa ko shaƙar iskar wurin. Kullum maganarsa ita ce, "Ido yana gani, amma takarda ce ke rantsuwa."

To, ana nan sai kakana, wato yayansa, ya rasu, ya bar gidan da muke ciki. Tun da babanmu ya rasu, ni da Mma da ƙannena muke zaune a ɗaki da falo a gidan. Kawu Sule, yayan Mma, ya ce ba ya son a yi ta raba gida kamar curin tuwon dokunu. Zai biya 'yan'uwansa mata kasonsu, gidan ya zama nasa. Ya kawo wani ejan mai takalmi mai tsini, ya zaga gidan yana cin gyaɗa, kafin gyaɗar ta ƙare ya yanke wa gidan kuɗi. Da aka fitar da kason Mma daga wannan kuɗin, ko hayar ɗaki a can bayan unguwar Malam ba zai riƙe mu ba. Makarantata, da teburin wake da shinkafar Mma a bakin titi, duk za mu bar su.

Amma Mma ba ta damu ba. Ai muna da gwangwanin madara. Ta dama koko mai kauri, ta kai wa Kaka Isaka, ta durƙusa.

"Baba, ranar hatiminka ta zo."

Ya shanye kokon tas, ya goge baki, ya ce, "Ba zan buga ba."

"Baba?"

"Gidan da na ci tuwo a ciki, ba na sa masa kuɗi. Ƙa'idar aikinmu ce. Ke 'yata ce, Sule ɗana ne. In na faɗi gaskiya ma, za a ce don ke na faɗa."

"To me amfanin wahalar da muka sha da karatunka?"

"Amfaninsa ke nan. Da, da na buga."

Mma ta ɗauki kwanonta ta fita, idonta ya kawo ruwa. Daga ranar koko ya daina tsallaka tsakar gida. Ni ma na sanar da shi cewa na sake shi saki uku. Mma har ta fara tambayar kwalaye a Kasuwar Malam Atta don ɗaure kaya.

Ranar da dangi suka taru a gaban liman don rabon gado, Kaka Isaka ya miƙe ya ce a kawo mai babbar takarda wanda ba ya cin tuwon kowa a gidan. Kawu Sule ya ce wa ke nan.

Kaka ya yamutsa fuska. "Hukuma."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya lissafa a ransa: tsohon nan ya ƙi taimakon Mma, ga shi kuma ya kawo matar da yake zagi safe da yamma. Ina za a haɗa baki? Nan take ya yarda, a gaban kowa, cewa duk abin da ta faɗa shi ke nan.

Madam Akosuwa ta zo da na'urar awo da yara biyu. Ta auna, ta ɗauki hotuna, ta je ofishin filaye ta duba takardun gidan, ta bi gidajen da aka sayar a unguwa tana tambaya. Ta ce wa Kaka da Hausarta ta kasuwa, "Alhaji, kai zauna can. Ba magana." Ya zauna a benci, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya, ya cika baki da goro don kada wata kalma ta kuɓuce. Wallahi har jijiyar wuyansa tana motsi. Ban taɓa ganin mutum yana shan azabar shiru irin ta ranar ba.

Da rahoton ya fito, ashe gidan ya ninka abin da mai gyaɗa ya faɗa, saboda yana bakin titi, ga shaguna a gaba. Kawu ya ruga wurin lauya. Lauyan ya dubi hatimin da jerin haruffan da ke bayan sunanta, ya ce masa kotu irin wannan takardar take saurare, ya tambaye shi ko ejan ɗinsa zai iya tsayawa gaban alƙali ya kare tasa. Aka kira ejan, ya ce yana hanyar Kumasi, an yi masa rasuwa. Har yau bai dawo daga jana'izar ba.

Kawu ba shi da ƙarfin sayen kason kowa a kan wannan kimar. Liman ya raba gidan ɗaki-ɗaki, kason Mma ya faɗa daidai kan ɗakinmu da falonmu. Mma ta zauna a ƙasa tana ta hamdala, ƙannena suka mai da kwalayen motar wasa.

Kaka kuwa ya karɓi rahoton ya karance shi daga bango zuwa bango, yana neman inda zai ja jan layi. Da yamma na same shi ya yi tagumi.

"Kaka, ka samu?"

"Ta manta akurkin kaji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," ya ce da baƙin ciki. "Yarinyar ta iya aiki."

Ranar da Kaka ya rasu, Madam Akosuwa ta zo da mayafi a kanta, ta zauna cikin mata har aka watse. Ta gaya wa Mma cewa da ƙafa ya je ofishinta, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce bai zo roƙon alfarma ba, gaskiya kawai yake so a auna, don akwai marayu a gidan. Mma ta rufe fuska da gyale, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Yau a ɗakinmu na kwana, gobe ma in Allah ya so a nan zan tashi. Allah ya jiƙan Kaka Isaka, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa. Yadda bai bari an fitar da mu ba, Allah ya ba shi gidan da ba a fitar da kowa. Amin.