Shekarar da Jikata Ta Liƙe Mini Ƙuli-ƙuli

Wannan abu ya faru ne bayan kullen korona, a shekarar da ta biyo bayan dogon yajin aikin malaman jami'a, wanda yara suka zauna a gida har wasu suka shiga koyon ɗinki aka yaye su. A daminar ne katangar bayan gidanmu ta faɗi, a ita ce kuma ƙanena ya aurar da autarsa a Zungeru. Ni ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, amma lissafin shekaru ba ya kuɓuce mini.

Sana'ata ƙuli-ƙuli. A wurin uwata na gada, ita kuma ta fara tun mahaifina yana aikin reluwe, tana sayar wa fasinjan jirgi. Gyaɗata daga Beji take zuwa, ni nake zaɓa, ba na aike. Duk garin Minna in kun sami wanda ya fi nawa ƙaras-ƙaras, ku kawo mini in gani.

Jikata, 'yar babban ɗana, a hannuna ta tashi. Ranar da ta sami jami'a na tambaye ta abin da za ta karanta.

Ta ce, "Kaka, tafiyar da kasuwanci, da yadda ake shigo da sabuwar dabara a cikinsa."

Na ce, "Shekaru za a kwashe ana koya miki yadda ake sayar da kaya? Shi malamin naku me ya taɓa sayarwa?"

Ta ce, "Littafi."

Na ce, "To, da sauƙi."

Da ta kai ajin ƙarshe aka ɗora musu aikin gama karatu. Kowa ya nemi wata ƙaramar sana'a, ya sa mata sabon abu, a gwada mako shida, ya kawo shaidar cewa kaya sun fi tafiya. In abin bai yi ba, sai a nemi wata sana'ar a fara daga farko, 'yan ajinku su tafi bautar ƙasa su bar ka. Ga yajin aiki ya riga ya cinye musu kusan shekara. Yarinyar nan ba abin da take tsoro kamar a bar ta a baya.

Sai ta zaɓi teburina. Ta zo da sikeli, da injin liƙe leda, da wata 'yar takarda mai gam da hotona a jiki, na kafa ɗaurin sallah. Gaskiya hoton ya yi kyau, shi ya sa na yarda. Ta auna gwangwanin da nake awo da shi. Ta kuma tsaya ta auna gyaran da nake ƙara wa mutum bayan awo, sau da yawa, ta fitar da tsaka-tsakinsa, ta haɗa duka a leda ta liƙe.

Ta ce, "Kin gani, ba wanda aka tauye. Gyaransa na ciki. Ba ƙuda, ba iska, zai yi wata bai yi laushi ba."

Kafin wannan ta raba takardun tambaya. Ta tambayi ɗalibai, ta tambayi 'yan acaba, ta tambayi masu shago, har mai gadin kasuwa sai da ya sha tambaya. Ni da nake murza tunkuza tun ba a haifi ubanta ba, ba a ba ni takarda ba. Na ga wannan, na haɗiye, na ce a raina bari mu ga inda boko zai kai mu.

Ranar farko maƙwabciyar teburina, mai sayar da manja, mutuniyar kudancin Kaduna, ta ɗauki leda ɗaya tana juyawa.

Ta ce, "Mama, kin shiga takara ne? Na ga an buga fosta."

Na ce, "Kansila nake nema. Za ki zaɓe ni?"

Ta ce, "Sai kin raba manja."

Muka yi dariya. Ɗalibai kam sun saya, suna ɗaukar hoto. Amma ɗalibi ba shi ne kasuwata ba. Kasuwata su ne matan unguwa masu kwaɗon rama da zogale, da masu suya da ke dakan yaji, da tsofaffin da ke jiƙa gari da rana. Mace za ta zo, in miƙa mata leda, ta karɓa, ta tsaya tana kallon hannuna. Shi ma hannun nawa da kansa yake tafiya faranti, ya tarar ba komai sai leda, ya dawo da kunya. In ce mata gyaran na ciki. Ta ce to, ta tafi. Gobe in hango ta a teburin wata a can ƙasan layi, wadda ƙulinta sai an jiƙa shi kwana biyu.

Wanda ya fi sosa mini rai wani tsoho ne mai gyaran rediyo, da ya fi shekara talatin yana saye a wurina. Ya karɓi ledarsa, ya yi taku uku, ya dawo.

Ya ce, "Hajiya, wani laifi na yi ne?"

Na ce, "Laifin me, malam?"

Ya ce, "A'a, na ga an sallame ni kamar a kemis."

Mako na biyu kaya suka fara taruwa a ɗaki. Jikata ta ce kalar takardar ce, ta canza ta daga ja zuwa kore. Mako na uku ta ce ledar ce ta yi girma, ta sayo ƙarama. Ta daina cin abinci sosai, ta daina tsokanata, kullum tana gaban kwamfuta tana kallon wani zane da ke gangarawa kamar hanyar rafi. Na san ciwon, na san maganin, amma girman kai ya riƙe mini baki. Wannan ba abin yabo ba ne, ina faɗa ne don haka aka yi.

Mai manja ce ta raba gardamar. Ina ji ta kira ta gefe ta ce, "Ke yarinya, kin tambaye duk duniya, mai kaya yana zaune yana kallonki. Wannan tsohuwa in ba ki durƙusa ba, ba zai buɗe baki ba."

Washegari da hantsi ina tuya a tsakar gida, sai ga ta da takarda da biro. Ta jawo kujera 'yar tsugune, ta fasa zama, ta durƙusa a ƙasa.

Ta ce, "Hajiya Kaka, akwai sauran takarda ɗaya."

Na ce, "Ai ni ban yi boko ba, ƙawata. Kai wa mai gadi."

Ta ce, "Haba tsohuwa, ki rufa mini asiri. Mako uku suka rage."

Na bar ta a durƙushe har na kwashe kasko ɗaya, sannan na ce ta rubuta. Abin da ke cikin gwangwani na mai saye ne, haƙƙinsa ne, ba ya gode wa kowa a kai. Gyara kuwa nawa ne, ni na ba shi, kuma sai ya ga hannuna ya koma faranti saboda shi. Sannan gyara ba ɗaya ba ne. Mai jego hannu cike. Wadda ta fita takaba, hannu cike da addu'a a kai. Mai tsawwala ciniki ƙwaya biyu, shi ma ya san dalili. Kin zuba shi a leda kin liƙe, ya zama awo.

Ta ce, "Amma Kaka, ƙa'ida ita ce kowace leda ta zama daidai da 'yar uwarta."

Na ce, "Ledarki ta zama daidai mana. Wa ya ce hannuna ya zama daidai?"

Ta ciji biro. Ta tambaye ni gutsattsarin da ke karyewa wajen tuya, ina suke. Na nuna mata bokiti guda, tunda ta hana a sa su a leda wai ba su da kyan gani. Ta tashi ta ɗauko ƙwarya ta cika. Daga ranar leda na gefe, ƙwarya na gefe. Sauran dabarar kuma tata ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Shagunan da take kai wa kaya, inda ba na nan, ta riƙa ba su 'yan ƙananan ƙulli daban, ta ce kada a ajiye su a kan kanta, sai mutum ya karɓi ledarsa a zaro daga ƙasa a miƙa masa.

Matan unguwa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su taɓa tafiya ba. Mai rediyo ya zo, na cika masa hannu har yana zuba. Ya ce, "Yauwa, an sake buɗe kasuwa." Kafin mako na shida bokitin gutsattsari ba ya isa, sai da na riƙa karya masu kyau da gangan.

Ta so ta ɓoye makonni ukun farko a rahotonta, malamin da ke duba aikinta ya hana, ya ce su ne naman aikin. Ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare shi, na ce sai na je. Na sa leshina, aka ba ni kujera a baya. Turanci ya yi ta tashi, ban ji ko ɗaya ba, amma na san mai neman faɗa in na gan shi. Wani mai tabarau ya matsa mata, daga baya ta gaya mini tambayarta ya yi a wane littafi ta samo dabarar gyaran nan. Sai ta juyo ta nuna ni, ta amsa da Hausa.

"Ranka ya daɗe, ga littafin can a zaune."

Na miƙe, tunda an kira ni. Na buɗe jakata na bi su da leda ɗaiɗai, sannan na fito da ƙullin gutsattsari. Malaminta hannu cike. Wata malama da ke ta gyaɗa kai hannu cike. Mai tabarau ƙwaya biyu. Ya kalli tafinsa, ya kalli na maƙwabcinsa, ɗakin ya tuntsire da dariya, shi ne kan gaba.

Ya ce, "Mama, na ji bayanin. A ƙara mini, na sa hannu."

Na ƙara masa ɗaya. Jikata ta ci, ta tafi bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu.

Mai rediyo ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mai manja tana nan da ranta, mijinta ya yi ritaya sun koma gida, tana kirana duk Kirsimeti. Malamin jikata yana nan, mai tabarau ma yana nan, duk ƙarshen wata sai ya aiko a saya masa. Ni ma ina nan a teburina, duk mai zuwa ya zo kafin azahar.