Ranar da Inna ta kira min Kawu saboda Tafkin Shiru

Shekarun baya, lokacin da yajin aikin malamai ya dawo da mu gida Kontagora daga makaranta, ni da abokaina uku muka ƙirƙiro wani wasa a waya. Kowa ya zaɓi jarumin da zai zama, ni kuma nake ba da labarin abin da ke samun su. Har gari na ƙaga musu a kan dutse, na sa masa suna Tsaunin Gajimare, da wani tafki mai tsarki a tsakiyarsa, Tafkin Shiru, wanda ba a sha, ba a wanka, ba a magana a bakinsa.

Wata rana da hantsi ina ɗaki ina tura wa abokina saƙon murya. Na kumbura murya kamar tsohon boka na ce, "Ka kai baƙin rago bakin tafki. Kada ka waiwaya. In ruwan ya karɓa, sarautar taka ce."

Ashe mahaifiyata tana tankaɗe a bayan taga.

Na dai lura ruwan da take miƙo min sai ta yi masa tofi. Baƙin ragonta ma da take kiwo ya koma gidan maƙwabta ba bayani. Kwana biyu sai ga ƙaninta ya iso daga Ibeto a kan mashin, ko ruwa bai sha ba aka kira ni.

"Zauna," in ji Kawu. "Wa ya ba ka wannan aikin? Tafkin yana ina?"

Inna ta fashe da kuka. "Sarautar me kake nema, ɗan nan? Ko mai unguwa ba a taɓa yi a gidanmu ba!"

Na rantse cewa wasa ne, na sake rantsewa. Da na ga ba ta fisshe ni, na ɗauko littafin da na zana taswirar garin. Kawu ya daɗe yana juya shi.

"Duk garin a kan dutse yake? Ina gonakinsu?"

"Kawu, ba sa noma."

"To me suke ci?"

Wata uku ina gina garin nan, da fada da ganuwa da mayaƙa, ban taɓa tunanin tuwonsu ba.

"Ga ruwa kuma ka hana su sha. Ina rijiya?"

Babu.

Ya rufe littafin ya dubi Inna. "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba tsafi ba ne, zaman banza ne. Garin nan ko aljani ba zai kwana biyu a ciki ba." A ranar ya goya ni a mashin zuwa Ibeto, na yi mako uku ina nome masa gyaɗa, bayana kamar zai tsinke.

Yanzu abin dariya yake ba ni, amma nakan tuna kwana biyun da Inna ta yi tana kallona da tsoro, ni kuwa ina can kan dutsen da babu shi. Tun daga nan in zan yi shirmena, sai na fara gaya wa mutanen gida shirme ne.

Ranar da zan dawo daga Ibeto, Kawu ya rako ni bakin titi. Har na hau mota ya leƙo ta taga, ya rage murya.

"In ka zo zana musu gonakin, ka ware min ta kusa da ruwa."