Tsarabar da Aka Kai Ƙofar Rini

A gidanmu na unguwar Minanata, matafiyi ba ya raba tsarabarsa da kansa. Jaka zai ajiye a ɗakin Inna, ita ta san wanda ya yi ciwo, wanda ya haihu, da wanda zai yi fushi in an manta da shi. Na san wannan sarai, amma gajiyar jirgi ta sa na miƙa mata jakata na je na kwanta.

A cikin jakar akwai wani ɗan akwati mai murfin gilashi da aka liƙe bakinsa, an zuƙe iskar ciki. Aikin digirina na uku ne gaba ɗaya: 'yan gilasai masu siraran wayoyin zinariya, tsakanin kowace waya biyu an maƙala ƙwayar sinadari guda ɗaya tak, wadda ido ba ya gani. In lantarki ya ratsa ta, sai ta fitar da haske. Shekaru na yi kafin su zauna yadda nake so. Na biyo ta gida ne kawai, a hanyata ta kai su wani ɗakin gwaji a auna. Iska ko danshi ya taɓa su, shi ke nan, sai dai in koma farko.

Bayan la'asar na farka na tarar da jaka wayam.

"Inna, ina ɗan akwatin nan?"

"Mai walƙiya ta murhin? Ai ƙanwar babanka nib ba. Ɗiyarta ta haihu, 'yan kunne sun dace da ita."

Ban san lokacin da na tare Keke zuwa gidanta a Ƙofar Rini ba. Cunkoson Gidan Igwai ya riƙe mu, ni kuwa ban da hango Gwaggo da wuƙar yanka albasa tana ɓanɓare murfin babu abin da nake yi a raina.

Gidan cike yake da 'yan barka. Na durƙusa na gaishe ta, sai da muka gama tambayar gajiya da zafi da mutanen gida, sannan na iya cewa cikin kunya na zo karɓar kyautar da aka kawo.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, ɗan nan, boko bai koya maka kunya ba?"

"Gwaggo, kin buɗe?"

"In buɗe tsaraba gaban mutane, a ce ban taɓa ganin zinari ba? Jira nike su watse."

Ta ɗaga katifa ta zaro shi. Na juya shi a hannuna, liƙin yana nan yadda na bar shi. Na yi mata bayanin ƙwayar da haskenta, ta saurara har ƙarshe, ta ce in dai ba a sawa a kunne, in ɗauke abina in aiko mata da atamfa.

Na fito zaure. Nan na zauna a kan tabarmar baƙi da akwatin a cinyata, ina ta hamdala, har aka kira magariba.