Katantanwar Ijja

A ƙauyensu da ke saman garin Tamri, ba a san Ijja da komai ba sai fasa ƙwallon itacen argan, wanda ake matse mai daga ƙwayarsa. Shekara talatin tana zaune gaban dutse ɗaya, tana buga ƙwallo ya rabu biyu, ƙwayar ciki ko ƙwarzane babu. Da mijinta ya rasu, sai ta koma gidan yayanta Bihi, wanda sana'arsa tono katantanwar dutse ce a gefen tsauni, wato katantanwar zamanin da wadda ta daskare ta zama dutse.

Yawancin katantanwar a naɗe suke kamar gammo, Bihi kuwa ko ido rufe zai fito da su. Amma akwai wata iri da ba a cika samu ba. Takan fara naɗewa, sai ta saki, ta miƙe, can kuma ta lanƙwaso kamar ƙugiya. Huɗu Bihi ya taɓa samu, duka huɗun ya karya, don hannunsa ya saba da zagaye. Inda katantanwar ta miƙe, shi sai ya ci gaba da kewayawa, ya datse ta.

Ta biyar ɗin ya kawo ta gida cikin dutsenta, bayanta kaɗai ya leƙo. Wata bakwai tana bayan ƙofa, ya kasa taɓa ta.

"Yaya, ka ba ni ita mana," in ji Ijja wata safiya suna shan shayi.

"Ke? Ai ba cinye ta za a yi ba."

"Naka huɗun da ka karya, cinye su ka yi?"

Bihi ya kurɓi shayinsa, ya daɗe yana kallon ƙofa. "In kika karya ta, ba zan sake samun irinta ba. Gwiwoyin nan sun gama hawan tsauni."

"Na sani."

Ya miƙa mata dutsen, amma ba ta karɓi gudumarsa ba. Ƙusa ta samu ta wasa, da basilla, da ƙaramin dutsenta na fasa ƙwallo. Kullum bayan azahar sai ta zauna a tsakar gida, ta jiƙa wurin da yatsa don ta ga inda launi ya bambanta, ta ɗan ƙwanƙwasa, ta hure ƙura. Wani yinin abin da take cirewa bai cika cokali ba.

A mako na shida katantanwar ta nutse cikin dutse, aka daina ganin bayanta. Bihi ya tsuguna kusa da ita.

"Hagu za ki bi. Wallahi hagu ta yi."

"Ta gaya maka?"

"Shekarata arba'in a aikin nan, yarinya."

"To matsa, ka tare min haske."

Ba ta bi hagu ba, ba ta bi dama ba. Kwana uku tana ƙwanƙwasa gefe-gefe tana saurare, har ta ji inda sautin ya yi taushi. Katantanwar ƙasa ta yi, ta miƙe kusan tsawon taƙi kafin ta juyo.

Ranar da ta fito gaba ɗaya, da ƙayoyinta a jere a gadon baya, maƙwabta suka cika gidan. Bihi ya ɗauke ta da hannu biyu, ya bi ta da farce daga wutsiya har baki. Ko tsaga ɗaya bai ji ba.

Wani ya ce, "Bihi, hannunka ya dawo ke nan."

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Ga mai aikin can."

Ijja tana bakin randa tana wanke ƙurar hannunta. Ba ta ɗago ba, amma ta ji.