Girkawan Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a Yako ya san ba ya buɗe baki sai Girkawa sun fito. A hanyarsa ta Makka ya yi shekara biyu yana aiki a kantin wani Bagirke a Sudan. Shi ya ba shi labarin wasu malaman Kirista, wa da ƙane, masu gudun duniya, da suka je Rasha suka kafa mata babbar makarantarta ta farko. Wasu alhazai da dabino suke dawowa. Kawu da wannan ya dawo. Abu uku labarin ya jawo mana.

Na farko, ko gishiri aka zo nema gidansa, sai ya ce, "Ba abin kunya ba ne. Rasha ma aron malamai ta yi."

Na biyu, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, ya ɗauko Malam Bukar, wani Babarbare masanin nahawu da lissafi, ya share masa zaure. Ina magidanci da 'ya'ya biyu, ya hana ni gona da hantsi, wai in zauna karatu wurin malamin.

Na ce, "Kawu, dawar fa?"

Ya ce, "Dawa ta san hanyar sama. Kai ne ba ka sani ba."

Na uku, Liman ya kai ƙara wai baƙo yana raba kan gari. Dagaci ya tara mu. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, su ma Girkawan nan..."

Liman ya katse shi. "Alhaji, kullum zuwansu muke ji. Tsakaninka da Allah, yaya suka ƙare?"

Kowa ya san Kawu. Ba ya ƙarya.

"Korarsu aka yi."

Dagaci ya ba Malam Bukar kwana uku ya bar gari.

Da muka dawo daga rakiya na saɓa fartanya. Kawu ya tare ƙofa.

"Liman bai tambayi sauran ba. Da aka kore su, ɗalibansu ne suka hau buzun."

"Kawu, babi huɗu kawai na sani."

"Yaran da ke zauren ko ɗaya ba su sani ba. Zauna."

Na zauna kan buzun. Har yau ban tashi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke shi gidan da ba a korar baƙo.