Sifirin ɗin Akori-kurar Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Talata Mafara a kan babur, ni da bakanikena, da guntun sifirin a cikin buhu. Na tsohuwar akori-kurar Baba ne, wadda ya yi ƙuruciyarsa yana kai fatu da hatsi kasuwanni da ita. Mun tayar da inji, mun yi fenti, saura sifirin ɗin baya da ya karye, wato jerin ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin kaya. Na zamani sun ƙi shiga: wani ya yi gajere, wani ramin ƙusarsa ya yi faɗi. Baba kuwa ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma magana ɗaya yake maimaitawa, a kai shi gonarsa a motarsa kafin a yanke gero.

Bakura muka fara nufa. Shinkafa ta yi kore shar a gefen hanya, man fetur na kwalba kuma tsada sai ka ce turare. Muka karya da koko da ƙosai, sannan muka faɗa wurin wani ɗan gwangwan mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Bakanikena ya birkita tulin ƙarafa yana gwadawa da igiyar awonsa, har ya koma kamar mai sayar da gawayi, ba a dace ba. Mutumin ne ya ce mana akwai wani dattijon mahauci a Maradun da ke da irin motarmu sak, an ɗora ta kan duwatsu.

Hanyar Maradun ta jijjiga mu son ranta, amma mun isa da hantsi. Dattijon ya sa aka yi mana shimfiɗa a zaure. Da ya ji ko ɗan wane ne ni, sai gaisuwa ta koma sabuwa: gida, iyali, damina, jikin Baba. Aka kawo fura, aka kawo balangu mai zafi. Can a bayan katanga muka ji an fara zuga wuta, sai kuma ƙarar guduma. Bakanikena yana ta zungurina, ni kuwa ina hararar sa. Yaya za a yi in katse sa'an mahaifina da zancen ƙarfe, alhali bai tambaye ni ba? Har yaba wa maƙerin na yi, na ce da ji ba rago ba ne.

Sai bayan azahar ya ce, "To ɗana, mi kunka taho da shi?"

Na faɗa masa. Ya dafe kai. "Ash! Ai da kun hwaɗi tun da kunka sauka. Da sahen nan nib ba maƙeri shi, shi yi muna wuƙaƙen hwawa. Babu ƙarhen da ka riƙe kaihi kama tai."

Da gudu muka zagaya maƙera. Sifirin ɓangare guda tuni ya zama wuƙaƙe. Ɗayan kuma an datse babban ƙarfensa gida uku, bai ko huce ba. Bakanikena ya jera guntayen a ƙasa, ya ɗora igiyarsa. Daidai cif. Maƙerin ya ce lokacin da ya ji tsayuwar babur ɗinmu ko wuta bai hura ba. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Mun dawo gida da sauran rana, da wuƙa guda da dattijon ya tilasta mini karɓa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in buƙata ta kai ka gidan mutum, ka gaishe shi da kyau, amma ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka sa hannu a akushi.

Baba ya ji shigowata. "An samu?"

Na sa masa wuƙar a hannu, na ba shi labari. Ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa.

"Ƙarhen kirki ne," in ji shi. "Gobe a shimfiɗa man katihwa cikin amalanke."

Da safe shanu suka ja shi zuwa gona. Da muka zo wucewa ta gefen motar, sai ya miƙa hannu ya shafa ta.