Kofin farko na shayin Baba

Duk inda na ji ƙamshin shayi da na'ana'a yana tafasa a kan gawayi, sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na Ƙauran Namoda, ina ɗan yaro ramamme, an naɗe ni cikin bargo. Da amosanin jini aka haife ni, wanda yanzu kowa ke cewa sikila, kuma gidanmu kaf lallaɓa ni ake yi kamar ƙwai.

Baba malamin makaranta ne, yana da abokai fatake daga Jangeru, su suka koya masa shayin nan mai zagaye uku. Kullum bayan magariba sai a hura gawayi. Ka san na farko shi ne mai kauri da ɗaci, na manya. To ni ake fara miƙa wa, wai ya ɗumama mini jini. Ni kuwa in kurɓe ina hura hanci, wa ya kai ni gata!

Da rana kuma Inna, mahaifiyata, ba ta bari ko iska ta taɓa ni. Da na dawo makaranta sai ɗaki, a rufe taga, in yi ta barci har la'asar. Idan kowa ya kwanta sai idona ya bushe ƙaf, ciwon gwiwar da na manta da shi da rana ya dawo ya cika ɗakin. Gari na wayewa in tafi aji in kifa kai a kan benci. Da abin ya yi yawa, Baba ya ce idan aka dawo hutu ban canza ba, zan haƙura da boko in zauna gida, lafiyata ta fi. Na yi kuka sosai, don ba abin da nake so a duniya kamar makarantar nan.

A hutun ne Inna ta haihu, gida ya cika da 'yan barka, aka kai ni Badarawa wurin Kaka, mahaifiyar Baba. Lokacin girbi ne, ko'ina ƙamshin sabon gero. Kaka ba ta shan shayi, ruwan ɗaci take ce masa, kuma ba ta iya zaman shiru ba. Da hantsi ya fito za ta leƙo ta ce, “Tashi, mijin banza, wa za ya buɗe min awaki?” In fito ina layi, ta zaunar da ni inda rana mai taushi ke sauka, ta ajiye mini ƙwaryar ruwa da tulin gyaɗa mu yi ta ɓara. In na fara gyangyaɗi bayan azahar sai ta ƙirƙiro aike zuwa maƙwabta, ko ta tsokane ni da faɗa har barcin ya gudu.

Da yamma kuwa tsarinta ɗaya ne, ba ya canzawa. Ruwan ɗumi a bayan ɗaki, sannan man kaɗanya ta bi gwiwoyina da ƙuguna tana matsawa a hankali, sai kunun gero mai zafi. Daga nan ta ɗauko tatsuniyarta guda ɗaya tak, wadda har yau ban san ƙarshenta ba, don ita ke fara yin minshari.

Wata safiya na buɗe ido na ga haske ya cika ɗaki, awaki har sun fita. Na kwanta ina lalube a raina, ina daren ya shiga? Babu shi! Na yi barci tun daga tatsuniya har hantsi. Na fito da gudu ba takalmi ina ihu, “Kaka, na yi kwana! Na yi kwana!” Kaji suka watse, ita kuwa ta riƙe haɓa tana dariya, ta ce, “To, sai a yi maka guɗa, ango ya yi abin da jarirai ka yi.” Washegari ma haka, da wanda ya biyo baya. Ji nake kamar an sake mini sabon jiki.

Ana haka Baba ya zo a babur ya ɗauke ni, da 'yar butar shayinsa a jaka, don ba ya rabuwa da ita. Bayan magariba ya dafa, ya miƙo mini na farko yadda ya saba, na shanye. Da asuba ya fito alwala ya tarar da ni zaune a bakin ƙofa, ido jawur. Ya tambayi Kaka ko ba ta ce ina barci ba. Ta ce ai kullum ina yi, jiya ne kawai. Baba ya daɗe yana kallon butar nan da ke kife a kan toka, sannan ya dafa kansa ya ce wa Kaka, “Inna, ashe ni na, ni da shayina.”

Da muka koma gida shi da kansa ya tsara komai. Aka daina ba ni shayin dare, aka buɗe tagar ɗakina, aka rage barcin rana, Inna ta karɓi aikin ruwan ɗumi da man kaɗanya. Ciwon bai tafi ba, in ya tashi da ƙarfi asibiti muke nufa, amma na daina kifa kai a benci, kuma ba wanda ya sake maganar zaman gida.

Yau ni ma malami ne, kuma a ajina akwai masu irin ciwona. Nasu shayin waya ce, suna latsawa a ƙarƙashin bargo, iyaye sun ƙyale su don tausayi. Nakan kira iyayen in ba su labarin nan, mu yi dariya tare, don na san ƙauna ce.

Kaka ta rasu da jimawa. Baba ya tsufa, amma yana nan da butarsa. In na je gaishe shi da yamma, har yanzu yakan zuba na farko ya miƙo mini, sai ya tuna, ya janye hannu ya shanye abinsa, ya ce, “Kai gobe kana da makaranta.”